FIRGITA TA BIYU TA FI TA FARI TSADA

 Ina so in ari wannan fili in yi magana a kan wani abu da kowannenmu ya sha gani da idonsa, amma ba kowa ya san dalilinsa ba.

Ka sayi bijimi a Putenga ko Fada Ngurma, lafiyayye, mai sanyin hali, wanda ko yaro ƙarami zai ja shi da igiya ya bi. A yi lodi, a tsallako iyaka a Paga, a biyo ta Bolga, Tamale, Buipe, Kintampo, Techiman, Kumasi, har a iso Tulaku a Ashaiman, tafiyar da ta kai kilomita 800 daga bakin iyaka kaɗai. Ana buɗe ƙofar mota sai ka rantse musanya maka shi aka yi a hanya. Ido ya yi ja, inuwar mutum ma zabura shi take yi, ka yi tari kaɗan sai ya kawo suka. A ajiye masa ruwa ya ƙi kallo. Wani ya ce gajiya ce, wani ya ce iska ce ta buge shi, wani kuma ya ce ai wanda ya sayar maka ne ya ɗura masa wani abu kafin ciniki. Ni ma na daɗe ina faɗin haka.

Shekarun baya na yi asarar shanu uku a lodi guda. Direban da na samu mai gaggawa ne, yaran mota kuma ba su san wata magana da dabba ba sai sanda da murɗa wutsiya. Ɗaya ya mutu a mota, biyu suka kwanta da ciwon huhu bayan mako guda da isowa, aka yanka su a kan farashin da ko kuɗin mota bai fitar ba. Na yi ta ba da wannan labari har wani ɗan ƙanena da ke karatun likitan dabbobi ya gaji da ji, ya ce, "Baba, bari in nuna maka abin da ya faru a cikin kan shanun nan." Ya zo da takardunsa muka zauna dare da yawa a nan Maamobi, yana karantawa da Turanci muna juyawa da Hausa. Ni karatuna na allo ne da Islamiyya, Turancina kuwa na kasuwa ne, saboda haka duk abin da bai shiga kaina ba na sa shi ya maimaita har ya shiga. Abin da na fahimta shi ne zan zuba muku a nan.

Kafin nan ga wani abin tunawa. Wannan Nima da muke zaune, wadda yau ko wurin ɗaure akuya wahala yake yi, asalinta makiyaya ce. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wanda shi ma fataucin shanu yake yi, ya nemi filin daga dangin Odoi Kwao domin shanun da suka fito daga arewa su sauka su yi kiwo kafin a kai su kasuwar Ankara. Watau magabatanmu, da suke koro shanu da ƙafa ta Salaga da Yeji, ba su yarda a fito da dabba daga doguwar tafiya a miƙa ta ga mai saye kai tsaye ba. Mu ne da muka samu tirela muka ga kamar an yafe mana wannan.

To, mu koma kan sa. Ka samu mahaucin da ke fasa kai ka ce ya ɗaga maka ƙwaƙwalwa a hankali. A ƙarƙashinta za ka ga wani ɗan ƙullutu da bai kai girman goro ba, yana zaune cikin wani ɗan rami na ƙashi kamar an gina masa ɗaki. Likitoci suna ce masa fituwitari. Ɗan yankin ƙwaƙwalwa da ke bisa da shi, wanda yake rataye a jikinsa, shi ake kira haifotalamus. Ba shi da girma, amma shi ke lura da ƙishirwa, da yunwa, da zafin jiki, da barbara, da saukar nono, da kuma tsoro. Duk abin da ya shafi kuɗinmu a jikin dabba ta nan yake bi.

Ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyin jijiya ce, kowace tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda labarin farashi yake tafiya daga bakin dillali zuwa kunnen dillali. Amma a cikin haifotalamus akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu ya bambanta. Su idan saƙo ya iso musu ba raɗa suke yi wa maƙwabciya ba, shela suke yi. Suna zuba wani sinadari cikin jini, jini ya kai shi inda ake bukata. Irin wannan sinadari mai tafiya da saƙo cikin jini shi ake kira homon. Wani Bajamushe, Ernst Scharrer, shi ya fara ganin haka a ƙwaƙwalwar kifi a 1928, masana da yawa kuma ba su yarda da shi ba sai da aka ɗauki shekaru. Daga baya wani Bature ɗan Ingila, Geoffrey Harris, ya tabbatar cewa akwai wasu 'yan ƙananan hanyoyin jini da ke sauka daga haifotalamus zuwa fituwitari, kuma ta nan ne umarni yake bi.

Idan dabba ta firgita, abu biyu ke tashi. Na farko mai sauri ne, cikin ƙiftawar ido, shi ne adirinalin, mai sa zuciya bugawa da tsoka ɗaurewa. Na biyu yana tafiya da ɗan jinkiri amma ya fi daɗewa. Masu shelar nan na haifotalamus su saki homon da ake kira CRH, shi ya taso fituwitari ya saki nasa mai suna ACTH, shi kuma ya bi jini har zuwa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke kusa da ƙoda, su saki kotisol. Cikin 'yan mintoci kotisol ya fara hawa a jini, kafin rabin sa'a ya kai ƙololuwa. Aikinsa shi ne ya buɗe rumbun jiki, ya fito da abin da aka tara domin dabba ta samu ƙarfin gudu ko faɗa, ya kuma dakatar da ayyukan da za su iya jira, ciki har da tsaron jiki daga cuta. A daji, gaban kura, wannan rahama ce. A cikin mota kwana biyu, rumbu ne ake ta ɗiba ba a zubawa. Shi wannan CRH sai a 1981 aka kama shi, a cibiyar Salk da ke Kalifoniya ta Amurka, a hannun Wylie Vale da abokan aikinsa, bayan sun tace haifotalamus na tumaki kusan rabin miliyan da aka tattaro daga mayanka. Ashe mahauta ma suna da hannu a wannan ilmi.

Yanzu ga inda maganar take. Wa ke gaya wa mai shela ya yi shela, kuma da wane ƙarfi?

Ƙwayar jijiya ba ta manne da 'yar'uwarta. A inda suka haɗu akwai ɗan rata, siriri ƙwarai, wanda ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna shi. Wannan wuri mu kira shi mahaɗa. A bakin mahaɗa, ɓangaren mai aikowa, akwai 'yan ƙulle-ƙulle na sinadari a jere suna jira. Idan saƙo ya iso, sai wata ƙofa ta buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, shi ne yake sa ƙullin ya fashe ya watsa abin da ke cikinsa zuwa ɗaya gefen. Sinadarin da ke cewa "tashi" sunansa gulutamet. Akwai kuma mai cewa "kwanta", ana ce masa GABA. Kowane mai shela yana da dubban irin waɗannan mahaɗai a jikinsa, wasu suna zuga shi wasu suna lallashinsa.

Da a ce kowane saƙo ƙarfinsa ɗaya ne, da lissafi ya yi sauƙi: sanda goma, firgita goma. Amma ba haka abin yake ba. Mahaɗa tana tuna abin da ya wuce ta yanzun nan, ƙarfinta kuma yana hawa yana sauka gwargwadon haka, na ɗan lokaci, daga abin da bai kai daƙiƙa ba zuwa mintoci. Wannan shi masana suke kira sauyin mahaɗa na gajeren lokaci, kuma iri biyu ne.

Iri na farko ƙaruwa ce. Idan saƙo na biyu ya biyo na farko da wuri, yakan tarar da sauran kalsiyam na farko ba a gama kwashewa ba, sai nasa ya hau kai, ƙulli da yawa su fashe. Kamar murhu ne da aka sauke tukunya yanzu: ka ɗora ta biyu, tafasa ba ta da wuya domin garwashi bai mutu ba. Bernard Katz da Ricardo Miledi suka nuna wannan a Landan a 1968. Iri na biyu raguwa ce. Ku dubi mai koko a bakin titin Nima da asuba. Ta ƙulla leda ashirin ta jera. Idan masu saye suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa zai samu nan take. Idan mota ta sauke mutum hamsin a lokaci guda, na gaba su kwashe na ƙulle, na baya dole su jira ta sake ƙullawa. Haka mahaɗa take: saƙo ya yi yawa a jere, ƙullin da ke shirye ya ƙare, ƙarfinta ya faɗi sai ta huta.

Wani masani mai suna Jaideep Bains, lokacin yana Jami'ar Kalgari a Kanada, shi da mutanensa sun shafe shekaru suna auna waɗannan mahaɗai da ke jikin masu shelar tsoro. A kan ɓeraye suka yi aikin, amma wannan tsari na haifotalamus da fituwitari iri ɗaya ne a ɓera, da sa, da ɗan Adam. Sun nuna a 2011 cewa mahaɗan nan irin na mai koko ne: in saƙon "tashi" ya zo da yawa a jere, sai su gaji su rage. Watau Allah ya sa wa dabba matata, ba kowace hayaniya ce take isa ga mai shela da cikakken ƙarfinta ba. Bugu da ƙari, a dabbar da hankalinta ke kwance, idan aka yi wa mai shela ruwan saƙo, shi da kansa yakan mayar da wani ɗan saƙo baya zuwa ga mai aikowa, kamar ya ce masa "ya isa haka". Akwai ma birki na uku, wanda Jeffrey Tasker na Jami'ar Tulane a Amurka ya bayyana a 2003: shi kansa kotisol idan ya hau yakan dawo ƙwaƙwalwa cikin mintoci ya sa a rage gulutamet.

Amma abin da ya sa na ajiye kofin shayina shi ne binciken da mutanen Kalgari suka fitar a 2010. Sun ɗauki ɓera suka tsorata shi sau ɗaya tak. Bayan nan suka duba mahaɗan. A ido ba abin da ya canja. Sai da suka aika musu da saƙo mai yawa a jere, sa'an nan bambanci ya fito. A ɓeran da ba a taɓa ba, mahaɗa ta karɓa ta koma yadda take. A wanda aka tsorata kuwa, wannan "ya isa haka" ba ya fita, domin CRH ɗin da aka saki a firgitar farko ya toshe hanyar da ke sa a faɗe shi. Sai mahaɗa ta ƙara ƙarfi, maimakon ƙulli ɗaya ta riƙa fasa da yawa a bugu guda, ta zauna a haka na wasu mintoci. Ƙarin ƙarfin na ɗan lokaci ne, amma shirin yin sa, watau ɗana kunamar, yana nan har kwanaki bayan firgitar farko. Shekara guda kafin wannan, a 2009, su ɗin dai sun nuna cewa bayan tsananin tsoro shi GABA mai cewa "kwanta" yakan rasa ƙarfinsa a kan masu shelar, har ma ya juya ya zama mai zuga. Direbobi za su gane wannan: ka taka birki mota ta ƙara wuta.

Ku auna wannan da tafiyarmu. Firgitar farko ita ce ranar lodi: an raba sa da garkensa, an ɗaure, an ja, an doka, an murɗa wutsiya, an cusa shi cikin baƙin shanu. Masu auna jinin shanu sun daɗe da sanin cewa lodi da saukewa su ne inda kotisol ya fi tashi, ba tsakiyar tafiya ba. Daga wannan rana bindiga a ɗane take. Ƙugin inji da girgizar hanya, da yake abu ɗaya ne yake ta maimaituwa, dabba takan saba da shi, shi ya sa za ka leƙa a tsakanin Buipe da Kintampo ka ga sun yi shiru. Abin da ba ta sabawa da shi shi ne sabon abu: birki na ba-zata, tsayawa a shinge cikin rana, tocila a ido da tsakar dare, yaro ya hau sama yana zungurar wanda ya kwanta, sa'an nan a ƙarshe ihun 'yan sauke kaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana faɗawa ne a kan mahaɗar da aka riga aka ɗana. Sandar da ka buga masa a Putenga da wadda ka buga masa a Tulaku nauyinsu ɗaya a hannunka, amma ba ɗaya ba ne a kansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2018 wata mai bincike a wannan ɗakin gwaji na Kalgari, Toni-Lee Sterley, ta raba ɓeraye biyu abokan zama, aka tsorata ɗaya, aka mayar da shi wurin ɗan'uwansa. Ɗan'uwan ya shinshine shi. Da aka duba, sai aka tarar mahaɗan wanda ba a taɓa ba su ma sun ɗanu, kamar shi aka yi wa. Wari ne mai firgitar yake fitarwa, hanci ya ɗauka ya kai wa haifotalamus. Kada wani ya ce wannan zancen ɓera ne: tun 1998 Alain Boissy da abokansa a Faransa suka gwada da karsana, suka ga cewa warin fitsarin saniyar da ta firgita yana sa sauran su ɗari-ɗari, su yi jinkirin kusantar abinci. To, ka tuna motar da ta sauke kaya jiya, ba a share yashin ba, ba a wanke ba, yau ka zuba naka a ciki. Ka kuma tuna sa na farko da aka yi wa dukan kawo wuƙa a bakin mota alhali sauran suna tsaye suna shaƙa. Tun muna yara a Islamiyya aka koya mana kada a wasa wuƙa a gaban dabba, kada kuma a yanka wata tana kallo. Mun ɗauke shi a babin tausayi kawai, ga shi ya fito a babin jini da tsoka.

Wanda yake son ya ga aikin masu shelar nan da idonsa, ba sai ya je Kanada ba, ya je ruga da safe. Saniyarmu mai tozo, ko Bunaji ce ko Bokoloji, ba ta sakin nono sai an kawo ɗan maraƙi ya fara tsotsa. Tsotsan nan saƙo ne da ke hawa zuwa haifotalamus, wasu masu shelar daban su saki homon mai suna okisitosin, jini ya kai shi hantsa, kamar minti ɗaya sai nono ya sauko. Bayan 'yan mintoci ƙarfinsa ya wuce, shi ya sa mai tatsa ba ta tsayawa hira. A 1941 wasu masana biyu a Amurka, Ely da Petersen, suka ɗora wa saniya kyanwa a gadon baya suna fasa jakar takarda a kusa da ita ana cikin tatsa. Nono ya tsaya cak. Kowace Bafulatana ta san haka ba tare da kyanwa ba.

Ƙishirwa ma haka. Idan jini ya fara kauri, wasu masu shelar suna sakin basofiresin, wanda ke gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi duhu. Su waɗannan ba sa aiki a miƙe. Sukan yi ta bugawa na wasu daƙiƙoƙi, su yi shiru, su sake. A 1979 Dutton da Dyball a Ingila suka nuna dalili: bugu adadi ɗaya, in aka tara shi gungu-gungu da hutu a tsakani, ya fi fitar da homon a kan in aka baza shi ɗaya-ɗaya. Gungun yana cin ribar murhu mai zafi, hutun kuma yana ba mai koko damar ƙulla leda. Sai dai basofiresin ba ruwa yake ƙirƙira ba, tattali kawai yake yi. Babban sa a lokacin zafi yana bukatar lita 30 ko fiye a yini, mu kuwa mukan kai shi Ankara da abin da ya sha a wancan gefen iyaka. Kuma shi basofiresin ɗin yana taya CRH zuga fituwitari, saboda haka ƙishirwa da tsoro hannu ɗaya suke.

Ina kuɗin yake zuba? Na farko a ido. Dabbar da ta yi kwana biyu tana zawo da fitsari ba ci ba sha, cikinta ya faɗa, fata ta bushe, tozo ya kwanta. Mai saye ba ya tambayar yadda take a Putenga, abin da ya gani yake taya wa.

Na biyu a kan teburin mahauci, kuma wannan ne ya fi cin amana tsakaninmu da su. A cikin tsoka akwai wani abinci da jiki ke ajiyewa, ana ce masa gilaikojin. Bayan yanka shi ne yake juyewa ya zama tsami, irin tsamin nan na kindirmo, wanda ke sa nama ya yi ja mai haske, ya yi taushi, ya kuma jure. A ma'aunin tsami na likitoci tsokar mai rai tana wajen 7, naman kirki yakan sauka zuwa wajen 5.5 cikin yini guda. Dabbar da adirinalin da kokawa da tsayuwa suka ƙone mata wannan ajiya, namanta yakan tsaya a 6 ko sama. Shi ne naman nan baƙi-baƙi, mai tauri, mai danƙo a hannu, wanda matan da ke saye a kasuwar Nima suke juyawa su ajiye su ce tsohuwar saniya ce ko mushe. Ba tsufa ba ne. Kuma da yake tsaminsa bai kai ba, ƙwayoyin ruɓa sun fi saurin kama shi, ga zafin Ankara, ga tebur a fili. Mai cincinga zai iya ɓoye shi da yaji, mai tebur ba shi da mafaka. Wannan ajiya kuwa ba a dare ɗaya take dawowa ba, sai an yi kwanaki ana ci cikin kwanciyar hankali. Abin da ya fi saurin ƙone ta shi ne haɗa bijimai da ba su san juna ba a turke ɗaya, su kwana suna faɗa da hawan juna.

Na uku shi ne wanda ya ci nawa biyun. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a hancin sa lafiyayye ba su yi masa komai. Idan kotisol ya daɗe a sama ya raunana tsaron jiki, ga ƙura ga numfashin juna a mota, sai su gangara huhu. Turawa har suna suka ba shi, zazzaɓin jigila, domin yakan bayyana ne kwanaki zuwa mako biyu bayan tafiya. Lokacin nan ka riga ka sayar bashi, mai saye ya dawo yana cewa ka ba shi mara lafiya, maigida ya shiga tsakani, zumuncin shekara ashirin ya yi tsami.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗa wa yaron nan. Hutu kuɗi ne. Direba yana lissafin kwana, ciyawa da dusa a kudu ba arha ba, ga kuɗin mai gadi, ga tsoron ɓarayi, ga kasuwar Salla da ba ta jiran kowa. Amurka tana da doka tun 1873 cewa kada dabba ta wuce sa'a 28 a cikin jigila ba a sauke ta ba. Ƙasashen Turai a dokarsu ta 2005 sun ce shanu su yi sa'a 14, a tsaya aƙalla sa'a ɗaya a ba su ruwa, a ƙara 14, sa'an nan a sauke su su huta sa'a 24. Ban ce mu kwafo wannan ba. Su suna da wuraren saukewa da aka gina domin haka. Mu idan ka sauke shanu a bakin hanya na sa'a biyu ka sake lodi da sanda, ba hutu ka ba su ba, firgita biyu ka ƙara musu a kan mahaɗar da ke ɗane. A ganina, ko dai a sauke a yi hutu na gaskiya, da ruwa da abinci da kwana, ko kuwa a bar su a mota, a tsaya a inuwa, a miƙa musu ruwa a nan, a wuce.

Abin da ba ya cin ko sidi ɗaya shi ne ranar lodi, kuma ita ce ke ɗana kunamar. Wata malama a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, Temple Grandin, ta yi suna a duniya a kan wannan, ko da yake rabin abin da take koyarwa kowane ɗan Fulani ya tashi da shi. Sa yana gani kusan ko'ina a kewayensa ban da daidai bayansa, saboda haka wanda ya ɓullo masa ta nan ya firgita shi. Ka tsaya bayan kafaɗarsa zai yi gaba, ka tsaya gabanta zai ja baya, amma sai ka ga yaro ya tare masa gaba yana ihu wani kuma yana dukansa ta baya. Yana tsoron shiga duhu daga haske, yana tsoron tsumma mai kaɗawa, da ƙarar ƙarfe, da ƙasa mai santsi. Ka fara da mai sanyin hali ya hau, sauran za su bi, maimakon ka fara da mai taurin kai ya cika wurin da warin tsoro. A wasu wuraren da muke sauke kaya har yanzu tsalle dabba take yi daga mota zuwa tarin ƙasa. Gina matakala mai gangara da bulo ba zai fi ƙarfin ƙungiya ba, kuma ina roƙon shugabanni su sa shi cikin abin da za a tattauna a zama mai zuwa.

Ni dai tun bayan zaman nan da ɗan ƙanena na sauya abu kaɗan. Nakan tsaya da kaina a wurin lodi, in karɓe sanduna in bar guda ɗaya a hannun babban yaro. Ba na zuba kaya a motar da ba a share an sa sabon yashi ba, ko da za mu yi rigima da direba. Shanun da na saya a garke ɗaya nakan bar su gefe ɗaya a mota, in sauke su turke ɗaya. Idan mun iso, ranar farko ruwa da busasshiyar ciyawa kawai, ba dillali ba mai taya, ba mai zuwa ya daddanna musu gadon baya. Dusa sai rana ta biyu, kaɗan-kaɗan. In ba kasuwa ce ta matsa ba, sai rana ta uku ko ta huɗu nake kwance igiya in fito da su, wanda kuma na ji yana tari ko na ga hancinsa yana zuba, a ware shi a kira likita tun bai kwanta ba.